Darasi na Bakwai: Fassarar Keɓaɓɓun Kalmomi a Kundin Matuƙin Jirgin Sama

7.1 Gabatarwa

Kuskuren kalma ɗaya a fassara yakan jirkita ma'anar doka. Za mu ga misalin haka a kundin da ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, suke rubuta sa'o'in tashinsu.

7.2 Tuƙi da Jagoranci

A ƙa'idar hukumar ICAO, jagoran jirgi shi ne wanda alhakin lafiyar tafiya yake wuyansa, ko da ba shi yake sarrafa jirgin ba. Idan ɗalibi ya tashi tare da malaminsa domin ɗaukar darasi, sa'o'in na koyo ne, malamin ne jagora. Idan kuwa ya tashi shi kaɗai, sai ya rubuta su a gurbin jagoranci. Lasisin farko galibi yana buƙatar sa'a 40, aƙalla 10 daga ciki ɗalibi ya tashi shi kaɗai.

Ke nan, mai fassarar da ya kira duka biyun “tuƙi” ya shafe bambancin da lasisi ya dogara a kansa.

7.3 Auna Fahimta

1. Bambance “matuƙi” da “jagora”.
2. Ɗalibi yana gwajin koyarwa a Kurfi, malamin aji yana zaune a baya. Wane ne jagora? Kafa hujja.