Darasi Kan Kiyaye Tsirkiya

Ya ku 'yan'uwa, malamai da 'yan makaranta, abin da za mu duba yau ƙanƙane ne ga ido, watau tsirkiyar jita, da yadda za a tsabtace ta domin ta daɗe. Amma kada a raina shi. Wanda zai zama malami ba wuri guda zai zauna ba. Yau yana Batagarawa, inda in tsirkiya ta tsinke zai shiga birnin Katsina ya cigita, in bai samu ba ya yi aike Kano. Gobe kuwa sai a tura shi ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ran kasuwa. A can, tsirkiya ɗaya in ta tsinke, jita ta zama itace rataye a bango, darasin waƙa kuwa ya tsaya har wata ya mutu. To, abin da wannan darasi zai nuna shi ne, yawancin tsirkiyoyi ba kiɗa ke kashe su ba. Abin da hannu ya bari a kansu ne, da kuma halin iskar ƙasarmu.

1. Da me ake yin tsirkiya

Jita tana da tsirkiya shida, amma iri biyu ce. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, akwai kuma mai tsirkiyar nailan. A zamanin da, Turawa da hanjin tumaki suke murza sirara ukun, masu kaurin kuwa alharini ne aka naɗe da waya. A shekarar 1935 masanan kamfanin DuPont na Amurka suka ƙago nailan. Da yaƙin Hitila ya sa hanji ya yi wuyar samu, sai wani maƙerin jita na birnin New York, Albert Augustine, da mashahurin makaɗin nan na ƙasar Sifen, Andrés Segovia, suka haɗa kai har suka gyara tsirkiyar nailan wajen 1947. Tun daga sa'an nan aka yi ta barin hanji.

A jita mai nailan, sirara ukun nailan ne zalla, masu kauri ukun kuwa zaren nailan ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe wadda aka shafe da azurfa. A mai ƙarfe, sirara biyun waya ce tsirara, sauran huɗun kuwa waya ce a ciki, aka naɗe ta da wata siririya ta jan ƙarfe gauraye da tutiya ko kuza. Ku riƙe wannan maganar naɗi da kyau, gama tsakanin naɗi da naɗi akwai ɗan kwari, nan ne dauɗa ke samun masauki.

2. Yadda tsirkiya ke ba da murya

In an taɓa tsirkiya sai ta yi ta kai da komowa da sauri, wannan kaɗawa ita ce kunne ke ji. Mafi kaurin tsirkiyar jita tana kaɗawa kamar sau 82 cikin daƙiƙa guda, mafi siranta kuwa kamar sau 330. Wani masani Bafaranshe, Marin Mersenne, ya bayyana a 1636 cewa abu uku ke hukunta muryar tsirkiya: tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da nauyinta. Gajera ta fi doguwa siririyar murya, ɗaurarriya ta fi sakakkiya, marar nauyi ta fi mai nauyi.

Daga nan za ku gane laifin dauɗa. Sabuwar tsirkiya nauyinta daidai yake daga kai har gindi. In dauɗa ta taru, ba ko'ina take taruwa daidai ba, ta fi yawa inda yatsu suka fi zama. Sai nauyin ya karkace. Shi ya sa tsohuwar tsirkiya, ko an daidaita ta tana sake, da an danna ta can tsakiyar wuya sai a ji ta saɓa. Har wa yau dauɗar da ta cushe cikin naɗi tana danne ƙananan muryoyin nan da ke sa kiɗa ya yi garau, sai ka ji jita tana magana kamar mai mura.

3. Maƙiyan tsirkiya uku

Na fari gumi ne. Gumi ruwa ne da gishiri da ɗan tsami. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya gamu da ruwa da iska, gishiri kuwa shi ke gaggauta aikin. Duk wanda ya taɓa barin wuƙa cikin miya ya kwana, ya ga wannan da idonsa. Gumin mutane ba ɗaya ba ne, akwai wanda hannunsa zai baƙanta tsirkiya cikin mako guda, akwai wanda zai yi wata bai yi mata kome ba. Kowa ya lura da nasa.

Na biyu maiƙo ne da ƙura. Jiki yana fid da maiƙo, ga kuma man shafawa, ga na ƙosai da tsire. Maiƙo shi kaɗai laifinsa kaɗan ne, amma shi ke kama ƙura ya riƙe, su biyu su zama wani baƙin ƙulli cikin naɗi. Ƙurar kuwa akwai yashi a ciki, yana cin tsirkiya daga ƙasa duk sa'ad da aka danna ta kan ƙarafan wuya.

Na uku laima ce, ita kuwa ba ta bukatar hannun kowa. Jita tana rataye ba mai taɓa ta, tsatsa na cin ta.

4. Shekara a ƙasar Katsina

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai awo 40 ko ya wuce, hannu ba ya rabuwa da gumi. A nan sai a yawaita shafewa, ko a tsakiyar kiɗa. Kada kuma a bar jita cikin rana, ko cikin mota rufaffiya, ko dab da rufin kwano, domin zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da jaki, watau ɗan itacen nan da tsirkiyoyi ke hawa.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, laima ce mai mulki. Kada a jingina jita da bangon ƙasa, kada a ajiye ta a daɓe, kada ta kwana kusa da taga. A sa ta cikin akwatinta a rufe. 'Yan ƙunshin nan na ƙwayoyi masu shan laima da ake samu cikin kwalin sababbin takalma, a tara su a jefa biyu ko uku a ciki.

Da hunturu kuwa tsatsa takan yi sauƙi, sai ƙura da bushewa. Itacen jita ya fi son iskar da laimarta ke wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100, amma da hunturu a nan tana sauka ƙasa da kashi 20. Sai itace ya tsuke, ƙarafan wuya su fito su riƙa kartar yatsa, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Maganinsa, a jiƙa ɗan soso a matse shi sarai, a sa cikin gidan sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin, kada dai ya taɓa itace ko tsirkiya. Ku duba fa, abin da ke magani da hunturu shi ne cuta da damina.

5. Aikin kullum

Rigakafi ya fi magani. Kafin kiɗa, a wanke hannu da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen hannu ya fi marar wanki ɓarna.

Bayan kiɗa, a ɗauki tsumman auduga mai laushi, busasshe, wanda ba a yin wani aiki da shi. A zura shi ƙarƙashin tsirkiya, a kama ta da shi tsakanin babban yatsa da manuni, a ja daga jaki har ƙarshen wuya sau biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya har shida. Yawancin mutane sama kaɗai suke shafewa, alhali kuwa gumi gangarawa yake ya taru a ƙasa, inda ido ba ya gani. Dukan aikin nan bai kai minti biyu ba. In tsumman ya yi baƙi a wanke shi, gama dauɗa ba ta wanke dauɗa.

In jitar ta makaranta ce, hannu goma ke taɓa ta, sai malami ya ɗaura tsumman a akwatin, ya kafa doka cewa wanda ya kaɗa ƙarshe shi zai shafe. Kayan jama'a amana ne, abin da aka bar wa kowa kuwa, ba mai yinsa.

6. Abin da ba a shafawa

Kada a sa wa tsirkiya man gyaɗa, ko man shanu, ko man kaɗe, ko man ja. Ran farko za ta yi santsi, daga baya sai man ya yi danƙo ya tara ƙura ninki. Kada a kusantar da kananzir ko fetur, suna ɓata fentin jita. Ruwa ma ba a sawa. In tilas ne a tsare wayar ƙarfe daga tsatsar damina, ɗigo guda na man keken ɗinki a jikin tsumma ya isa dukan sirara biyun, a bi da busasshen gefe a share. Nailan kuwa ba ta tsatsa, busasshen tsumma ya wadace ta.

Wasu sukan tafasa tsofaffin tsirkiyoyin ƙarfe masu kauri. Gaskiya ne dauɗa tana fita, murya ta ɗan komo, amma na 'yan kwanaki ne, tafasa ba ta mai da ƙarfen da ya gaji sabo. Tun 1997 kuma akwai tsirkiyoyi masu rufi na wata siririyar leda, irin su Elixir, waɗanda gumi ba ya saurin ratsa su. Sun fi tsada, su ma kuwa suna son tsumma.

7. Inda take tsinkewa

In tsirkiya ta tsinke, kada a yi saurin yar da ita, a duba wurin. In kullum a kan jaki take tsinkewa, ko a bakin maɗauri, to, akwai kaifi a wurin, sai an goge shi da lallausar takardar yashi, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi ta. In kuwa tana maƙalewa cikin tsagar da ke ƙarshen wuya, a goga bakin fensir a tsagar, sai ta riƙa zamewa.

Kada a ɗaure tsirkiya ta wuce muryarta. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jita da ƙarfin da ya kai kilo 70, na nailan kuwa wajen 40. Saboda haka babban kuskure ne a ɗaura ƙarfe a jitar da aka ƙera domin nailan, jakin zai ɓalle, ko wuyan ya tanƙware. In za a sauya, a sassauta tukuna, kada a yanke tana ɗaure. Sababbin da ke ajiye kuwa a bar su cikin ƙunshinsu, kada a buɗe sai ran bukata.

8. Darasi daga gida

Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Tsirkiyar goge da ta kukuma gashin wutsiyar doki ne, haka kuma bakan da ake goga ta da shi. Mai goge yana shafa musu ƙaro domin gashi ya kama gashi, ya kuwa san in maiƙo ya hau, bakan zamewa zai yi, murya ta ɗauke. Shi ya sa yakan rufe kayansa cikin jaka, ba ya kuma yarda kowane hannu ya taɓa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya shahara har ƙasashen waje. Mai tsirkiya ɗaya ba shi da ta biyu da zai fake da ita, tilas ya san lafiyarta kullum. Mai shida ya kamata ya ɗauki kowace tamkar ita kaɗai gare shi.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da ke hukunta muryar tsirkiya. Wanne ne dauɗa ke ɓatawa?
2. Don me ake shafe ƙarƙashin tsirkiya, ba sama kaɗai ba?
3. Me za ka sa cikin akwatin jita a watan Agusta, me kuma za ka sa a watan Janairu?
4. Sami guntayen waya biyu na burkin keke, ka kankare su. Tsoma ɗaya cikin ruwa zalla, ɗaya cikin ruwan gishiri, ka tsame ka ajiye su a inuwa kwana uku. Rubuta abin da ka gani, ka kuma shirya yadda za ka nuna wa yara 'yan aji huɗu.

Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.