Yayyafin Farkon Zafi a Gaɓar Bahar Rum: Darasi ga Fatake da Iyalansu

A ƙasarmu ruwan farko albishir ne. In ya sauka a ƙarshen bazara, zafi ya karye, manomi ya ɗauki iri. Wanda ya tashi da wannan sani, in fatauci ko neman aiki ya kai shi gaɓar tekun Bahar Rum, wato arewacin Aljeriya, Tunisiya da Libiya, sai ya karanta ruwan can da idon gida. Nan haɗarin yake, domin shekararsu a juye take da tamu.

Birnin Aljiyas yana samun ruwan sama kusan milimita 600 a shekara, bai yi nisa da na Yamai ba. Amma nasu yana zuba ne a lokacin sanyi, daga Oktoba zuwa Afrilu, sa'ad da mu muke cikin hunturu da ƙura. Yayyafin da ake gani a Mayu da farkon Yuni ragowar daminarsu ne, ban kwana yake yi. Bayansa Yuli da Agusta ke zuwa, babu ruwa sai zafi. Wani lokaci kuma iska mai zafi ta taso daga Sahara ta rufe garuruwan gaɓa. A Tunisiya suna ce mata shehili, a Libiya gibli.

Zafin nan kuwa ƙaruwa yake yi. Rahoton da masanan yanayi na ƙasashen Bahar Rum suka fitar a 2020 ya nuna cewa zafin yankin ya haura da kusan digiri 1.5 kan yadda yake kafin zamanin masana'antu, fiye da matsakaicin ƙarin da duniya ta samu. Shekarar 2023 ta isa misali. A ƙarshen Mayu ruwa ya yi ambaliya a jihar Tifaza, yamma da Aljiyas. Wata biyu bayan haka, a Yuli, ma'auni ya kai digiri 49 a birnin Tunis, gobarar daji kuma ta hallaka mutane fiye da 30 a Aljeriya, yawancinsu a yankin Bijaya.

Mutumin Agadas ko Damagaram zai iya cewa shi da ya saba da digiri 44, wane zafi ne zai tsorata shi? Amsar tana cikin yadda jiki ke huce kansa. Zufa ce ke fitar da zafi, amma ba fitowarta ke sanyaya mutum ba, bushewarta ce. A Sahel iska a bushe take, zufa na fitowa tana tafiya. A bakin teku iska cike take da laima, zufa ta kwanta a fata ta ƙi bushewa, mutum ya jiƙe sharkaf amma cikinsa na ta ɗaukar zafi. Dare ma ba ya hucewa sosai, balle a ɗakin da mutum goma ke kwana ƙarƙashin rufin kwano. Saboda haka digiri 36 na gaɓa na iya kayar da wanda 42 na gida bai kayar ba.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar jijiyar ƙafa da fitsari kaɗan mai duhu. Mai wannan hali a kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In an samu ruwan gishiri da sukari ya fi: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko ya suma, to bugun zafi ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A zuba masa ruwa a jiki duka, a yi ta masa fifita, a nufi asibiti ba tare da an daina jiƙa shi ba. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki. Farasitamol ba ya maganin wannan, don ba zazzaɓi ba ne. Tsofaffi, mata masu ciki, ƙananan yara da masu shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari su suka fi saurin faɗuwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba a yawaita ba shi nono, ba ya bukatar ruwa.

Shi kansa yayyafin yana barin abu biyu a baya. Na farko sauro. Akwai wani ƙaramin baƙin sauro mai fararen zane a ƙafa da ya zauna a Aljiyas da Oran cikin shekarun nan. Da rana yake cizo, yana iya ɗaukar cutar denge da cikungunya, kuma ba ya neman tafki: ruwan da ya taru a tsohuwar taya, gwangwani ko lanƙwasar tamfol ɗin rumfa ya ishe shi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro. Mai rumfa ya zazzage tamfol ɗinsa bayan kowane ruwa, ya kife abin da ba ya amfani da shi, ya rufe durom.

Na biyu gurɓatar ruwa da abinci. Ruwan da ya zo da ƙarfi kan busasshiyar ƙasa yakan wanke ƙazanta zuwa rijiya da maɓuɓɓuga. Kada kyan gari ya ruɗe ku: a Agustan 2018 kwalara ta ɓulla a Bilida da Aljiyas da kewayensu. Ruwan da ba ku san asalinsa ba a tafasa shi. Dafaffen abinci, musamman kifi da shinkafa, kada ya wuce awa 2 a ajiye cikin wannan ɗumi. Masu kwana ƙarƙashin gada ko cikin busasshen kwari kuwa su bar wurin da zarar hadari ya haɗu, ko da a kan duwatsu can nesa ne, domin ruwan tudu na iya iso musu ba tare da ɗigo ya taɓa su ba.

Akwai wani abu da nake jaddada wa duk matafiyin da ya zo mana awo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Aljeriya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Likitan can ba kullum yake ganin cutar ba, mu kuwa muna iya tafiya da ita a jini daga gida ta tashi bayan makonni. In zazzaɓi ya kama ku a lokacin zafi, kada ku ɗora wa rana laifi ku kwanta. Ku faɗa wa likita ƙasar da kuka fito da ranar da kuka baro ta, ku roƙi a gwada jini.

Iyalan da ke gida su ma da nasu aikin. Mafi yawan masu dawowa a Yuli da Agusta cikin tsakiyar daminarmu suke sauka, kuma wanda ya shekara biyu ko uku a inda babu cutar, ƙarfin da jikinsa ya saba yi mata ya ragu. A ɗaura masa gidan sauro tun daren farko, in jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji a ranar.