Ɗakin Uwa a Salsalar Sarauta: Nazari a Kan Gidan Dabo da Gidajen Sarautar Dutse da Ringim

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda auratayya da dangin uwa suka yi tasiri a kan gādon sarauta a tsohuwar ƙasar Kano, wadda Dutse da Ringim suke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. An yi amfani da jerin sarakunan Dutse da salsalar gidan Ibrahim Dabo, domin a nuna cewa jerin da ya tsaya ga sunan uba ba ya wadatar da mai nazarin tarihin sarauta.

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta jerin sarakunan Dutse zai tarar da shi a tsari guda, wato wane ɗan wane. Jerin na zamanin Fulani ya soma da Salihi a wajen 1807, sai Musa ya gaje shi a 1819. Su biyun ne shugabannin Jalligawa da Yalligawa da suka karɓi garin a lokacin jihadi. Bayan Musa, 'ya'yansa Bello da Sulaimanu suka yi sarauta, sannan ta koma hannun Ibrahim da Abdulƙadir, 'ya'yan Salihi. Daga wannan jeri ana iya gane cewa gidaje biyu ne suke karɓa-karɓa. Abin da ba a iya ganewa shi ne dalilin da ya sa aka ɗauki wannan ɗa aka bar wancan, alhali ubansu ɗaya.

Dalilin kuwa yana da nasaba da tsarin gādon kansa. A tsakanin manyan gidajen Biritaniya, muƙami yakan faɗa wa babban ɗa namiji na aure kai tsaye. A ƙasar Hausa babu wannan ƙa'ida. Kowane ɗan sarki yana da damar nema, kuma a shari'a ɗan sa-ɗaka daidai yake da ɗan matar aure. Idan masu nema suka yi yawa, uba kuma ɗaya ne, to dole a koma ga abin da ya bambanta su, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan shi ne ɗakin da kowa ya fito.

Ɗakin Shekara

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya fi yawancin jerin sarakuna kula da wannan, domin yakan ambaci sunan mahaifiyar sarki. Daga cikinsa ne aka san cewa sarakuna uku da suka biyo bayan Ibrahim Dabo (1819–1846), wato Usman (1846–1855) da Abdullahi Maje Karofi (1855–1882) da Muhammadu Bello (1882–1893), duk 'ya'yan Shekara ne. Ke nan ɗaki guda ya riƙe Kano shekara arba'in da bakwai. Abin lura a nan shi ne Dabo ya auri Maryam 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, auren da ya ƙara masa kusanci da Sakkwato, amma ba ta ɗakinta sarautar ta bi ba.

Zama 'yan ɗaki ɗaya bai hana jikokin Shekara rabuwa ba. Da Bello ya hau, sai ya shiga tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga muƙamansu, ya kuma ɗaukaka ɗansa Tukur har ya zama Galadima. Da ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai, ba nisa da Dutse. Wannan shi ne mafarin Yaƙin Basasa, kuma jerin sarakunan Dutse ya nuna cewa tsakanin 1893 da 1894 sarautar garin ta sauya hannu fiye da sau ɗaya.

Zaɓen Alu

A nan ne tasirin aure ya fi fitowa fili. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, kafin a ci Kano. Abdullahi ya bar 'ya'ya maza da dama, wasu sun girmi Aliyu, amma shi Yusufawa suka yi wa mubaya'a. Ba a musun jarumtarsa da iliminsa. Sai dai mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce (1842–1859), sunan kakan nasa ma ya ci. Mutanen da suka yi wa umarnin Sakkwato tawaye suna bukatar shugaban da Sakkwato za ta ji nauyin ƙin sa. Akwai kuma wani abu da ba a cika kula da shi ba: Abdurrahman ɗan gidan Atiku ne, Saudatu kuwa jikar Muhammadu Bello ce, saboda haka kawunnan Alu suna cikin ɗaya gidan da ke neman sarautar Musulmi. Alu ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895, daga bisani Sakkwato ta amince da shi.

Auren da aka ɗaura wa Abdullahi da Saudatu shekaru da dama kafin rikicin ya taimaka wajen tabbatar da sarauta a zuriyarsa. Tun daga 1894 duk wanda ya yi Sarkin Kano daga tsatson Abdullahi ya fito: Alu, Abbas (1903–1919), Usman na biyu (1919–1926), sannan Abdullahi Bayero da Inuwa, 'ya'yan Abbas, da zuriyar Bayero. Ɗakin Bello bai sake samun ta ba.

Rassan Jigawa

Wannan salsala ta miƙo har cikin Jigawa. Gidan sarautar Ringim reshe ne na zuriyar Dabo ta wajen Usman na biyu, kuma da aka ɗaga Ringim zuwa masarauta a 1991, jikansa Sayyadi Mahmud Usman ne ya zama sarkinta na farko. A Dutse kuwa, tsohon tsarin zagayawa tsakanin 'yan'uwa da gidaje ya ja baya. Muhammadu Sanusi ya hau a 1983, ɗansa Nuhu ya gaje shi a 1995, shi kuma da ya rasu a Janairun 2023 aka naɗa ɗansa Hamim.