Kafin ku buɗe ɗakin aiki na haɗaka a garinku

A 2016 mutanen Skibbereen, wani ƙaramin gari a kudancin Ailan, suka gyara wani tsohon gidan burodi ya zama wurin aiki na haɗaka mai suna Ludgate Hub. Intanet mai gudun gigabit ɗaya ne ya jawo masu aiki daga birni.

Jama'a, in kuna son irinsa, ku fara da wuta da intanet, fenti ya jira. Ku sa sola da batura masu kaiwa dare, domin wanda kwamfutarsa ta mutu da azahar yana tsakiyar aiki, da wuya ya dawo. Ku riƙa karɓar kuɗin tebur duk wata, ko kaɗan ne, saboda albashin mai gadi. Batun ɗaki kuwa, ku je wurin mai gari tun yanzu.