Darasi Daga Masu Ƙera Jirgin Sama A Gida

A ƙasar Amurka akwai mutane da yawa da suke haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsu a garejin gida. Suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a shekarar 1953. Yawancinsu sukan sayi sassan jirgin daga wani kamfani, kamar Van's Aircraft na jihar Oregon, sa'an nan su haɗa. Abin bai yi nisa da mu ba, gama jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka haɗa a Kaduna domin sojojin sama na Nijeriya, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka ɗauko shi. A wannan darasi za mu duba abu guda, wato yadda maƙerin yake rubuta aikinsa.

Me ya sa ake rubutawa?

Hukumar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ba ta yarda jirgi irin wannan ya tashi sai an tabbatar cewa masu sha'awa ne suka yi mafi yawan aikin, domin neman sani ko nishaɗi. Ana kiran wannan ƙa'ida dokar kashi 51 cikin 100. Ranar da sufeto ya zo duba jirgin, zai nemi littafin aiki da hotuna. Idan babu shaida, jirgin da aka sha wahalarsa shekaru yana iya zama a ƙasa. Littafin kuma yana taimakon maƙerin ya sami takardar da za ta ba shi izinin duba lafiyar jirginsa da kansa kowace shekara.

Mu lura da kyau: ayyukan da aka yi ne hukumar take ƙirgawa, awoyi kaɗai ba su isa ba. Wanda ya rubuta "awa 3" kawai bai faɗi kome ba. Sai ya ce, "awa 3, na huda ramuka, na buga kusoshi a fiffiken hagu."

Yaya manhajar take aiki?

Dā a littafin rubutu ake yin wannan. Bayan fitowar iPad a 2010, da yawa suka koma ga kwamfutar hannu. Ga matakan:

1. Maƙerin ya taɓa agogon manhajar sa'ad da ya fara, ya tsayar da shi sa'ad da ya gama.
2. Ya zaɓi sashen da ya yi wa aiki: wutsiya, fuka-fukai, gangar jiki ko inji.
3. Ya ɗauki hoto kafin ya rufe wurin da ido ba zai ƙara gani ba. Yana da kyau shi ma ya fito a wasu hotunan.
4. Manhajar ta tara jimillar awoyi da kuɗin da aka kashe.

Amma na'ura tana iya faɗuwa ta fashe. Saboda haka mai hankali yakan ajiye kwafi a intanet, ya kuma buga a takarda.

Bari mu yi lissafi. A ce jirgi zai ci awa 2,000, maƙerin kuma yana samun awa 10 a mako. Mako 200 ke nan, kusan shekara 4. Wa zai iya tuna abin da ya ɗaure a watan farko? Da yayyafi kogi kan cika, amma sai wanda ya rubuta ne zai iya nuna yadda ya cika.

Mu ma a ɗakin gwajin kimiyya, ko a gonar makaranta, sai mu rubuta kwanan wata, da aikin, da lokacin da ya ci, a ranar da muka yi shi, kuma kada mu ƙara ko minti ɗaya da ba mu yi ba.

Tambayoyi

1. Me sufeto yake nema a littafin aiki?
2. Idan maƙerin yana samun awa 16 a mako, mako nawa awa 2,000 za su ɗauke shi?