Filin Shawara: Wane Fure Zan Kai Mata?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni direban tasi ne, ina zaune a Maamobi da matata da 'ya'yanmu uku. Ranar 16 ga Fabrairu za mu cika shekara goma da aure. Tunda muke, ban da atamfar Sallah da 'yar tsarabar da ba a rasa ba, ban taɓa yi mata wata kyauta ta musamman ba. Bara na ɗauko wani fasinja a Osu ya rungumo furanni zai kai wa matarsa. Da na dawo na ba ta labari muna dariya, sai ta ce, "Ai wasu matan sun more." Da wasa ta faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na duba a waya, wannan ya ce ja soyayya ne, wancan ya ce rawaya kishi ne, wani kuma ya ce abota. Kaina ya ɗaure. Wanne zan saya? Kuma ina jin nauyin shiga lungunmu da fure a hannu, kin dai san mutanenmu.

Direba, Maamobi

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya raya zuri'a.

Ba wasa take yi ba. Mace mai kunya, abin da ba za ta iya roƙa ba shi take naɗewa cikin dariya ta ajiye maka, ta koma gefe tana jiran ta ga ko za ka tsinta. Ka tsinta, ko da yake shekara guda ka yi kana juya shi.

Wannan lissafin launuka da ya ɗaure maka kai, sauke shi. Ba wahayi ba ne. Yayi ne na masu hali a Turai: a 1819 aka buga wani littafi a Paris da ya raba wa kowane fure ma'ana, Turawan Ingila suka ɗauka a zamanin Sarauniya Victoria, kowane marubuci ya fito da nasa jerin, suna saɓa wa juna. Shi ya sa rawaya ta zama kishi a wajen wannan, abota a wajen wancan. Ƙasashe ma ba su daidaita ba. Akwai furen da ake kira kirisantimom, wanda Faransawa ke kai wa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba, amma a Japan shi ne tambarin gidan sarki. To kai da ke Maamobi, hukuncin wa za ka bi? Matarka ba ta haddace littafin nan ba, kuma ba za ta buɗe waya ta duba fassarar abin da ka miƙo mata ba. Fuskarka za ta duba.

Abin da ya kamata ka kiyaye shi ne na nan gida. A Ghana, inda aka fi ganin fure da yawa wuri guda shi ne wajen jana'izar maƙwabtanmu Kirista, an yi masa kewaye kamar faifai an rataya ƙyalle. Ja da baƙi kuma kayan makoki ne a wajen Akan. Don haka ka gaya wa mai shago kada ya yi maka kewayayye, kada ya naɗe jan fure da baƙar takarda ko baƙin ƙyalle, wanda na ga wasu samari suna so wai don ya fi kyau a hoto. Jan wardi shi kaɗai ba laifi, kowa ya san abin da yake nufi, fina-finan Indiya sun daɗe da karantar da mu.

Sai dai ka san abin da kake saye. Wardi ba ya son zafin Accra. Da yawa daga waɗanda ake jerawa a shagunan Osu da East Legon jirgin sama ne ya kawo su, kuma da yawa daga manyan gonakinsu a Afirka suna gefen Tafkin Naivasha a Kenya, wuri mai tudu kusan mita 1,900, inda dare ke da sanyi. Kuɗin jirgi da na ɗakin sanyi duk kai za ka biya. Ga shi ranarku ta faɗo kwana biyu bayan 14 ga Fabrairu, ranar da gwamnati ta sa wa suna ranar cakulan amma masu fure suka san ta da ranar cin kasuwa. A makon nan farashi yana sama, kuma abin da ya rage ranar 16 sau da yawa wanda aka zaɓe aka bari ne. Sannan irin da ake nomawa don fitarwa waje an zaɓe su ne don su jure tafiya, da yawansu ba su da ƙanshin a zo a gani. Ka sansana kafin ka biya. Mace da ta tashi cikin turaren wuta da humra, in ka ba ta fure, hanci za ta fara kai masa.

In zuciyarka ta tsaya a kan wardi, sayi uku ko biyar masu kyau, waɗanda ba su gama buɗewa ba, kansu a tsaye bai langaɓe ba. Kada ka bar su a bayan mota kana yawon neman fasinja, su zama aikinka na ƙarshe a ranar. A gida a yanke gindin a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a sa cikin ruwa mai tsabta a riƙa canzawa kullum, a ajiye nesa da rana da iskar fanka da ayaba mai nuna. Da haka za su yi muku 'yan kwanaki.

Amma da ni ce kai, ga abin da zan yi. Wardi ɗaya zan saya, saboda shi ta gani a ranta lokacin da ta yi maganar nan, kuma bai kamata ka yi mata wayo ka hana ta shi ba. Sauran kuɗin sai in tsaya wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, kai da kake direba ka fi ni sanin inda suke, in nemi dashen lalle. Mutane da yawa a Zango sun san lalle a matsayin gari cikin leda a kasuwar Nima ranar Laraba, ba su taɓa ganin itacensa ba, balle su san yana fure. Yana yi, ƙanana farare a dunƙule, kuma ƙanshinsu da yamma sai wanda ya ji. Yana son rana, yana jure ƙishi, yana kamawa daga reshe, yana zama cikin babban bokiti a bakin ƙofa. Ka tuna cewa shekara goma da suka wuce da lalle aka fara mayar da ita amarya, ƙawayenta suna kewaye da ita tana kuka a cikin mayafi. Wannan ma'anar ba sai an fassara mata ba. In ba ka samu lalle ba, nemi yasmin, wanda ke buɗewa da dare, ko ɗoɗɗoya, da za ta yi ƙanshi kuma ta shiga miya. Kuma tunda kuna da yara, tambayi mai lambu kafin ka ɗauki wani abu don kyansa kawai. Akwai wani mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda da ake yawan sayarwa don ba ya mutuwa da wuri, ruwan jikinsa guba ne.

Na san za a samu wanda zai ce maka wannan ɗabi'ar Nasara ce. Maganar ware ranar cika shekara, malamai sun yi bayani kala-kala, ka tambayi naka. Amma kyautar abu mai ƙanshi ba baƙuwa ba ce a wajenmu, akwai hadisi a Sahih Muslim da ya hana mayar da kyautar raihani. Kyautata wa iyali kuwa ba ya jiran fatawa.

Batun lungu: sa a cikin kwali ko babbar leda, ka shiga bayan Isha'i. Ba don abin kunya ba ne, sai don a gidan haya abin da ido ashirin suka gani kafin mai shi ya riga ya zama na tsakar gida. Ka bari yara su yi barci. Kuma kada ka ajiye a kan gado ka fice wajen abokai kana jira ta gano da kanta, na san halinku. Ka miƙa mata hannu da hannu ka ce wani abu, ko da "na gode da haƙurin da kika yi da ni" ne. Idan hali ya yi, ranar Lahadi ka huta da aiki, ku bi ta Madina ku hau Aburi ku biyu. Lambun shuke-shuken da ke can tun 1890 yake, akwai inuwa da iska mai sanyi. Shekara nawa kana kai baƙi can kana jiransu a mota?

*

Hajiya, barka da aiki. Mijina yana Italiya, shekara huɗu ke nan bai zo ba, takardunsa ba su fito ba. Ina zaune da mahaifiyarsa a Nima. Watan jiya muka cika shekara bakwai da aure, sai ga mai babur da rungumin fararen furanni, wai daga wajensa. Matan gida suka fito suna tambaya ko rasuwa aka yi. Surukata ta ce kuɗin nan da shinkafa aka saya da ya fi, wai fure ai ƙarya ne, ba ya 'ya'ya. Na shiga ɗaki na yi ta kuka, kuma har yau ban san ko na daɗi ne ko na baƙin ciki ba. Da ya kira na ce na gode kawai, ya ce muryata ba daɗi. Yanzu yana fushi. Ni ce da laifi?

'Yarki a Nima

'Yata, ba ki da laifi, shi ma ba shi da shi. Kukan na duka biyun ne.

Ki fara duba abin daga wajensa. Mutum yana ƙasar sanyi, ba takarda, yana lissafin kowane kwabo, amma ya riƙe ranar, ya nemo lambar mai shago a Accra, ya biya, ya zauna yana kallon waya yana jiran muryarki. Can inda yake farin fure kayan amare ne, bai yi tunanin yadda za a karanta shi a tsakar gidanku ba. Abin da ya samu shi ne "na gode" a sanyaye. Dole ya ji zafi. Bai ga matan gida ba, bai ji abin da mahaifiyarsa ta ce ba.

Ki kira shi lokacin da kike ke kaɗai. Ki gaya masa furen ya iso, kin ji daɗi, kuma ganinsa ne ya tuna miki cewa mai aikowar ba ya nan. Wannan ita ce gaskiyar, kuma namiji zai iya ɗaukarta. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne ki sa shi tsakaninki da uwarsa daga nisan duniya, don haka maganar shinkafa ki bar ta a Nima. In kina son wani abu dabam baɗi, faɗa masa a fili: turare, zane, ko awa guda a waya ba gaggawa. Maza ba sa duba, gaya musu ake yi.

Ita kuwa surukarki, kada ki ɗauka da zafi. Ita ma shekara huɗu ba ta ga ɗanta ba, sai ga mai babur ya tsaya a ƙofar gidanta da saƙo daga wajensa, kuma ba nata ba ne. Kishin uwa ne ya fito da rigar tattali. Ki ba mijinki shawara cikin hikima, duk ranar da zai aiko miki da wani abu ya haɗa da nata, ko goro ne da turmin atamfa. Za ki ga bakin ya canza.

Akwai abu guda da ban ji a wasiƙarki ba: kuɗin cefane da na makaranta suna zuwa a kan lokaci? In suna zuwa, furen ƙari ne, ki karɓa da hannu biyu. In kuwa wata uku ke nan ba a ga komai ba sai fure, to surukarki ta fi ni gaskiya, kuma wannan wata magana ce da za ki sake rubuto mini.

*

Hajiya, matana biyu, gida ɗaya a Sabon Zango. Amarya ce ta ce tana son fure ranar da za mu cika shekara biyu. Uwargida shekararmu goma sha takwas, ba ta taɓa tambaya ba. In saya wa amarya kawai?

Alhaji, Sabon Zango

Alhaji, rashin tambaya ba rashin so ba ne, kai ma ka sani, shi ya sa ka rubuto. In ka fara, ka fara wa kowa, kowace da ranarta. Kada ka kawo biyu rana ɗaya, don amarya za ta ce an raba mata ranarta, uwargida kuma ta ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Kada kuma su zama iri ɗaya. Abin da ya fi, tunda ranar amarya ce ke tafe, ka riga ta: a cikin makon nan ka kai wa uwargida abin da ka san tana so, ba tare da wani dalili ba, kuma ka tambaye ta ranar da aka ɗaura muku aure in ka manta. Za ta gaya maka har da abin da aka dafa.