Rarar Ƙungiyarmu Ta Yi Kaɗan, Shugabanni Sun Gaza Ke Nan?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Zariya. Ina cikin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, duk wata ana cire mana kuɗi daga albashi. A taron ƙarshen shekara wasu suka ce shugabanni sun gaza, wai rarar da aka raba ba ta taka kara ta karya ba. Da me ake auna ƙungiya irin tamu?

Amsa: Malama, masu wannan magana mudun banki suka ɗauko. A ƙungiyarku, mai ajiya da mai cin bashi su ne masu ƙungiyar. In aka sassauta muku kuɗin da ake ɗorawa kan rance, rara za ta ragu, amma kuɗin yana aljihunku tun kafin ranar rabo.

Wannan matsalar ce ta daɗe tana damun masu auna jami'o'i da asibitoci, inda riba ba ita ce manufa ba. A 1957 Michael Farrell ya kawo shawarar a riƙa kwatanta ma'aikata da takwarorinta mafi ƙwazo. A 1978 Charnes da Cooper da Rhodes suka mayar da ita lissafin da ake kira DEA: a jera abin da kowace ta ci, kamar albashi da gine-gine, da abin da ta fitar, kamar ɗaliban da aka yaye ko majinyatan da aka sallama. Wadda ta samu maki 1, wato cikakken maki a wannan lissafi, ba wai ba ta da aibi ba ne, cikin waɗanda aka gwada ne babu wadda ta fi ta.

Sai dai abin da aka zaɓa a ƙirga shi ke yanke hukunci. Asibitin koyarwa da ake tura wa waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, majinyaci kan yi makonni a gado, sai lissafi ya nuna shi a baya, ƙaramin asibitin da ke sallamar masu zazzaɓi cikin kwana biyu ya zo gaba.

Don haka a taro na gaba ki nemi a karanto muku nawa aka kashe wajen gudanarwa da alawus ɗin zama, wata nawa mai neman rance ke jira, da yawan bashin da ya wuce wa'adi ba a biya ba. Ma'aunin PEARLS na majalisar irin waɗannan ƙungiyoyi ta duniya, WOCCU, yana son kada bashin da ya wuce wa'adi ya haura kashi 5 cikin ɗari. Sannan ki samo alƙaluman ƙungiyar wata makaranta mai yawan mambobi kamar taku, ku ajiye su gefe da gefe.